Sunan Kawu a Bangon Panjab

Ammariyya, Jidda
12 ga Janairu

Zuwa ga Kawu Muntaka,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Inna Latifatu da 'yarka Bashira da duk mutanen gida. Ya ƙafar? Alhaji Ɗan'auta mai fatauci tsakanin nan da gida ya ce ya gan ka a kasuwar Kura kana tafiya ba sanda, na ji daɗi ƙwarai. Mu ma lafiya lau, mai ɗakina Fauziyya tana gaishe ka. Na san in na kira ka a waya "iye? iye?" za mu yi ta yi, tunda ƙarar bugun kayan rini ta tafi da kunnenka, shi ya sa na zauna na rubuta na ba Alhaji ya kawo maka hannu da hannu.

Kawu, aiki na samo maka. Ka san warshar da nake aiki a Khumra, wato ma'aikatarmu, kayan gidajen tarihi muke haɗawa, akwatunan gilashi da fitilu da allunan bayani. To bana aiki ya zo mana daga Indiya. Wasu mutane ne da ake kira Sikh, masu rawani da gemu, su ba Musulmi ba, ba kuma Hindu ba, addininsu daban. 'Yan wani gari a ƙasar Panjab ne suka haɗa kai za su gina gidan tarihin kakanninsu. Wanda ya zana ginin ɗan garin ne, sunansa Harnek, shekararsa goma sha takwas a Jidda, teburinsa na jikin nawa.

Da ka ga zanen da ka yi murmushi. Ƙofa huɗu ya yi wa gidan, wai ta duk inda mutum ya fito ya tarar da ƙofarsa. Zauren farko ba komai sai tabarmi da manyan tukwane, don su a wurin ibadarsu kowa ake ciyarwa, mai kuɗi da talaka layi ɗaya a ƙasa. Ɗakin ƙarshe shi ya fi ji da shi, na mayaƙansu na da ne waɗanda shuɗi kaɗai suke sawa. Bango fari fat, ba hoto ba takobi, sai rawuna arba'in a rataye daga rufi.

Harnek ya ce kakansa marini ne, da baba yake rini, don haka ya rantse rinin kamfani ba zai shiga ɗakin nan ba. Ya nema bai samu irin wanda ransa ke so ba. Sai na nuna masa hotonka a bakin karofi, hannu shuɗi har gwiwa, da hoton rawanin nan ɗan Kura yana ƙyalli. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce hannun kakansa ya gani.

Guda arba'in ake so, kowanne kamu goma sha biyu, su iso bayan ƙaramar salla. Mafi kyawun da hannunka ya iya, Kawu. Za a rubuta sunanka a jikin bango, da Turanci da kuma yarensu.

Ɗanka,
Rilwanu

Kura
3 ga Fabrairu

Zuwa ga Rilwanu ɗan Shatu,

Bayan sallama, takardarka ta same ni ina lafiya, na gode Allah. Ƙafa da sauƙi, kunne kuwa sai wanda ya gani. Latifatu ta ce in gaya maka ba ta yarda da hoton da ka aiko da salla ba, ka rame, ko Fauziyya ta daina tuwo ne?

Na karanta takardar sau uku. Wato kai da ka ce warin karofi na sa ka amai lokacin da uwarka, Allah ya ji ƙanta, take kawo ka hutu, yau kai ne dillalina a ƙasar Makka. To madalla.

Ka san halin da ake ciki. Karofi tara Baba ya bar mana, bakwai sun zama juji, biyun da suka rage shekara uku ban zuba musu ruwa ba, tunda Buzaye suka rage zuwa. Har na yi wa maƙwabcina alkawarin filin zai ja katanga. Ranar da takardarka ta zo na je na ba shi haƙuri. Mun yashe biyun, na liƙe inda ya tsage, na aika ƙauye an samo mini baba mai kyau. Masaƙan turkuɗi uku ne suka rage da nake yarda da hannunsu, duk na ɗaure su da aikin.

Ba a rasa surutu ba. Wasu suka ce Muntaka zai yi wa waɗanda ba sa salla rini. Bayan la'asar na miƙe a masallaci gaban liman na ce, mutum ne ke son ya tuna da kakansa marini, ni ma ɗan marini ne, kuma ɗan ƙanwata ne ya tsaya a tsakani, yaron da bai taɓa yi mini ƙarya ba. Liman ya ce ba laifi. Masu surutu suka koma yi a gida.

Ka gaya wa mutumin naka mai rawani, ƙofa huɗun nan ta burge ni. Ka kuma tambaye shi ko in aiko da guda ɗaya tukuna ya gani ya taɓa, kafin in tsoma sauran. Haka muke yi da Buzaye.

Kawunka,
Muntaka

Kura
20 ga Afrilu

Rilwanu,

Barka da salla, da fatan an sha ruwa lafiya. Mu lafiya, sai Bashira da ta yi zazzaɓi, ta warke ta koma makarantar da take koyarwa.

Saƙonka na baka ya iso ta bakin Ɗan'auta, cewa babu lokacin gwaji, a yi duka kawai. An yi. Ga su nan ɗauri huɗu, goma goma, kowane rawani a naɗe cikin takarda, na ɗaure da kaina.

Ɗan Shatu, ban taɓa yin aiki irin wannan ba, ko a zamanin Baba. Kowanne sai da ya sha karofi har na daina ƙirgawa. A wajen bugu ban yi rowar shuni ba, ninki biyu na sa. Da azumi a bakinmu muka buga su, ni da abokin buguna Malam Abdulkahar, shi ma ya haura saba'in, har kafaɗarsa ta kumbura bai daina ba. In ka ɗaga guda a rana sai ka runtse ido. Wani Buzu da ya zo wucewa ya shafa ɗaya, ya dubi tafin hannunsa ya ga ya yi shuɗi, ya ce in faɗi ko nawa ne. Na ce masa na wani ne a Indiya.

Ka rubuto mini abin da mutumin ya ce, kalma da kalma. Kada ka taƙaita.

Muntaka

Ammariyya, Jidda
29 ga Yuni

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka yi haƙuri da shirun da na yi, aiki ne ya yi mana yawa, ga hidimar alhazai ta tsayar da komai. Takardunka biyu na tambaya duk sun iso. Muna lafiya.

Kaya sun iso lafiya. Mun kafa ɗakin shuɗi na gwaji a cikin warsha, yadda zai kasance a can, aka rataye rawuna aka kunna fitilu. Harnek ya cire takalmi kafin ya shiga. Ya tsaya a tsakiya, ya kama gefen guda ya ɗora a goshinsa, sai ga hawaye a gemunsa. Ya ce a gaya maka ya gode, kakansa ya samu ɗaki.

Ga hoton allon da za a kafa, na tagulla ne. Layi na biyu sunanka ne: Muntaka Marini, Kura. Watan gobe kaya za su hau jirgin ruwa.

A gaida su Inna. Ina sauri ne, Alhaji na jirana a ƙasa.

Rilwanu

Kura
25 ga Agusta

Rilwanu,

Muna lafiya. Bashira ta dawo daga umra lafiya, ta ce kun karɓe ta hannu bibbiyu, Allah ya saka wa Fauziyya da alheri.

Hoton allon nan na kai shi masallaci, ya zaga hannu hannu. Na sa an yi masa gilashi na rataye a zaure. Malam Abdulkahar kullum sai ya zo ya zauna ƙarƙashinsa, shi da bai iya karatun boko ba.

Yanzu ka ba ni amsar wannan. Bashira ta ce ranar da za ta taho, ta jawo akwatinta daga ƙarƙashin gadon ɗakin da kuka sauke ta, sai ta ga ɗauri huɗu an tura can ƙurya an rufe da bargo. Ta san ɗaurina, a gabanta na yi shi. Uku ko kwance su ba a yi ba. Na huɗun an buɗe, an zare guda ɗaya an cusa shi a dunƙule. Ta ƙirga, arba'in cif. Ba ta ce muku komai ba, kuma sai da ta kwana huɗu a gida tana kauce wa idona kafin ta iya gaya mini.

Ka ce kaya sun hau jirgi a watan jiya. To me ya hau jirgin? Me mutumin nan ya ɗora a goshinsa yana kuka? Kuma sunan wa ke ƙarƙashinsa?

Na so in ce yarinya ce ba ta gani daidai ba. Na kwana biyu ina nema maka hanya, na ce ko wasu aka ƙara saya, ko nawa za su bi jirgin sama. Sai na ɗauko takardarka ta Yuni na sake dubawa. Na ce ka rubuto mini kalma da kalma, ka rubuto layi goma kana sauri. Ka ce kaya sun iso, ka ce an rataye rawuna, amma ko sau ɗaya ba ka ce nawa aka rataye ba. Ka zauna ka auna kowace kalma don kada a kama ka. Wannan ya fi komai ci mini rai, don na san ba cikin ruɗewa ka yi ba.

Ban sauke hoton ba tukuna, ban kuma gaya wa Abdulkahar ba. Ina jiran takardarka.

Muntaka

Ammariyya, Jidda
9 ga Satumba

Kawu,

Ina gaishe ka, in har za ka amsa. Lafiyar jiki muna da ita. Abin da Bashira ta gani gaskiya ne.

Ranar da kaya suka iso Harnek yana Indiya wajen ginin. Ni da mudir ɗinmu Thamer, wato manaja, wanda shi ne kafilina da ya tsaya mini a ƙasar nan, muka buɗe ɗauri ɗaya. Na zaro guda, wallahi Kawu ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba. Sai gefensa ya gogi farin bangon gwaji, ya bar shuɗi kamar an ja da gawayi. Na dubi hannuna, Thamer ya dubi farar rigarsa. Ya ce, "Halas, magana ta ƙare, wannan ba zai je ko'ina ba."

Abin da ban rubuta maka ba a takardar farko shi ne, rawunan har kafaɗa suke saukowa. Harnek so yake mutane su ratsa tsakaninsu, suna shafar fuska da kafaɗa, tsofaffi da fararen kaya, mutum dubu ko fi a rana. Na san ɗan Kura yana zuba, tun ina yaro nake ganin goshin Buzaye. Ban kawo shi a raina ba, ƙyallin kawai na tuna. Da ka ce a aiko da guda a gwada, ko gaya wa Harnek ban yi ba, ni na yanke na ce babu lokaci.

Saura sati uku ya dawo. Thamer ya ce ni na kawo maganar kawuna, ni zan gyara, in ba haka ba in haɗa kayana. Iƙamata, wato takardar izinin zamana, a watan Nuwamba take ƙarewa, shi ke sabunta ta, Fauziyya kuma ga ciki wata bakwai yanzu. Na je kasuwar Balad na sayi farin yadi mara nauyi, na kai wa wani mai rini a unguwar Sa'alaba ya tsoma a garin rini na kamfani, aka bi shi da sitati da dutsen guga har ya ɗan yi ƙyalli. Harnek hoto kawai ya taɓa gani, bai gane ba. Thamer ya ce a bar allon yadda yake, don in aka cire sunan za a yi tambaya.

Na ɗauki alƙalami in gaya maka ya fi sau goma. Sai in tuna ka tsaya a masallaci saboda ni, in ajiye.

Kawu, na roƙe ka don darajar mahaifiyata, ka bar maganar nan a tsakaninmu. In Harnek ya ji, Thamer zai ce bai san komai ba, ni za a sa a jirgi. Kaya sun riga sun isa, an ma fara rataye su. Ba wanda zai cutu. Naka suna nan ban bar ƙura ta taɓa su ba, in ka ce in dawo da su zan ba Alhaji.

Ka yafe mini.

Rilwanu

Kura
14 ga Oktoba

Rilwanu,

Muna lafiya. Allah ya sauki Fauziyya lafiya, ita ba ruwanta.

Na daɗe ban amsa ba don ina tsoron abin da hannuna zai rubuta. Ka ce ba wanda zai cutu. Mutum ya cire takalmi ya yi wa kakansa kuka a kan yadin Balad da sitati, ni kuma sunana ne shaidar cewa gaskiya ne. Shekara hamsin da ɗaya ina rini, Buzu ya taho tun daga Agadas bai kwance ɗaurina ya duba ba sai ya isa gida. Abin da nake da shi ke nan, ba ni da gona ba ni da mota. Shi ka ɗauka ka manna a kan ƙarya, ba ka ko tambaye ni ba.

Kuma abin haushin, layi ɗaya ya ishe ka. Da ka ce mini mutane za su shafa, da na yi maka rinin baba tsantsa, a wanke shi tas, a buga ba shuni, ko jariri ka naɗe da shi ba zai zuba ba. Ko a watan Afrilun ma da ka aiko, karofi na da rai, da mun yi rabi cikin sati uku, ka nemi uzurin sauran. Ka gwammace ka je wurin baƙo a Sa'alaba da ka ce wa kawunka ka yi kuskure.

Duk da haka na yi niyyar yin shiru. Na ce ɗan Shatu ne, ga mace da ciki, in haɗiye. Na sauke hoton na ce wa Abdulkahar gilashin ne ya tsage.

Sai ga Ɗan'auta wata Juma'a, sati uku da suka wuce, da takarda, ba taka ba. Harnek ne ya gan shi a ƙofar warsha ya ba shi, da Turanci, Bashira ta karanta mini. Ya kira ni babansa. Ya ce za a buɗe gidan a watan Disamba, dattawan garinsu sun ce shi zai fara shiga ɗakin shuɗi. Yana roƙon in yi masa rawani guda ɗaya da hannuna, irin na ɗakin sak, ya naɗa a ranar. Ya ce bai gaya maka ba don kada ka ce zai wahalar da tsoho.

Ka ga inda ka ajiye ni. In na ƙi, na wulaƙanta mutumin da bai yi mini komai ba sai girmamawa. In na yi masa irin na ɗakin sak, to sai dai in yi abin da ka yi.

Kada ka ce ban gwada ba. Na shiga Kano na sayi farin yadi da ƙullin garin kamfani, na ɓoye a aljihu kamar ɓarawo. Na dafa ruwa a bayan gida inda ba mai gani, na zuba, ya yi shuɗi nan take, abin da karofi ke kwana bakwai bai yi ba. Na tsaya da yadin a hannu har ruwan ya huce. Latifatu ta leƙo ta gan ni, ta koma. Na kifar da shi a kwata. Ban iya ba, Rilwanu, ko don in cece ka.

Na yi masa ɗan Kura na gaskiya, ni da Abdulkahar muka buga. Ban rubuta masa komai a kanka ba, gaisuwa ce kawai da addu'ar Allah ya sa a buɗe lafiya. Amma jikan marini ne. Da ya kwance takardar ya ji warin, ya dubi yatsunsa, ba sai an gaya masa ba.

Wannan takardar na ba wata mai tafiya umra gobe don ta riga kayan isa. Ɗan'auta zai taso ranar ashirin da uku, kuma hannun Harnek na ce ya sa rawanin, ba naka ba. Kwana tara ke nan. Ka ɗauki ɗauri huɗun nan ka kai masa da kanka, ka faɗa masa da bakinka kafin hannunsa ya faɗa masa. Ban san abin da zai yi ba, ban kuma yi maka alkawarin iƙamarka za ta tsira ba. In an sa ka a jirgi, ɗakin uwarka na nan, Fauziyya da abin da ta haifa ba za su kwana da yunwa ba.

In kuwa ka bari rawanin ya riga ka, kada ka ƙara rubuto mini.

Muntaka